Zoɓo da Balangu, Tsamiya da Ƙosai: Yadda Ake Zaɓa wa Abinci Abin Sha

A manyan gidajen cin abinci na Faransa akwai ma'aikacin da ba ya girki, ba ya wanke-wanke. Someliye suke ce masa. Aikinsa shi ne ya ji abin da baƙo zai ci, sannan ya zaɓo masa giyar inabin da za ta dace da abincin. Mutanen can ba su ɗauki lamarin da wasa ba. A 2010 da hukumar UNESCO ta sa tsarin liyafar Faransawa cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci adanawa, haɗa abinci da abin shan da ya dace da shi na cikin abubuwan da aka ambata.

Giya dai ba tamu ba ce, akasarinmu addini ya raba mu da ita, kuma ba tallarta na zo yi wa uwargida ba. Abin da na ɗauko daga wurin mutanen nan shi ne tambayar da suke yi kafin su zuba komai a kofi: me za a ci? Mu kuwa sai a wuni ana fama da tuƙi da suya, ana saura kaɗan baƙi su iso sai a aiki yaro shago ya kwaso lemon kwalba. Ko kuma a haɗa zoɓo jarka guda, sukari har ya kwanta a ƙasa, a miƙa wa mai cin tsire, a miƙa wa mai cin alkaki. Girki ya yi daɗi, abin sha ya zo ya ɓata shi, ba wanda ya gane daga ina matsalar take.

Uwargida, fara da koyon ɗanɗano. Masu ɗanɗanon inabi ba sa kwankwaɗa. Kaɗan suke zubawa, kamar sulusin kofi, a gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki. Su ɗaga su dubi launi, su juya kofin a hankali ruwan ya zagaya, su kai hanci, sannan su kurɓa su bar shi ya ratsa baki. Ƙwararrun cikinsu ma tofarwa suke yi, don wanda aka jera wa kwalabe da dama ba zai kai la'asar a tsaye ba in haɗiyewa yake yi. Shinshinar nan ba iyayi ba ce. Abin da harshe ke ganewa kaɗan ne: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, sai garɗin nan irin na romon nama. Saura duk aikin hanci ne, shi ya sa mai mura yake ƙorafin abinci ya yi masa salam.

Ki gwada da zoɓonki tun sukari bai shiga ba. Ja ne garai-garai, ko ya yi duhu ya doshi baƙi? In ya yi duhun, kuma kin san kin jefa kanwa don kashe tsami, to ta yi yawa. Me ya fara dukan hancinki? In kanumfari ne ya danne komai, gobe ki rage. Sai ki kurɓa ki rarrabe abu biyu da ake yawan haɗawa. Tsami yana tsinko yawu. Ɓauri kuwa busar da baki yake yi, ya kama dasashi da ganɗa, irin abin da ake ji bayan an tauna goro. Kada ki yi wannan gwaji daga goge haƙori, ko da turare a hannu, kuma ki bar kofin roba, yana riƙe warin abin da aka sha jiya. Tsakanin kofi da kofi ki kurɓi ruwa, ki gutsiri burodi gaya.

Ƙa'idar da ta fi kowace amfani a kicin ɗinmu ita ce tsami yana yanke maiƙo. Turawa kan haɗa soyayyen kifi da farar giya mai tsami, don kowace kurɓa ta wanke man da ya lulluɓe harshe, loma ta gaba ta zo sabuwa. Iyayenmu ba su je makarantar kowa ba suka gano wannan. Dubi faifan buɗe-baki a watan azumi: ƙosai na ɗigar mai, kunun tsamiya na gefe. Har sinadarin ma ɗaya ne, domin nau'in tsamin da ya fi yawa a tsamiya, wanda masana ke kira tatarik, yana cikin manyan masu ba inabi tsaminsa. Don haka duk ranar da kasko ya hau wuta, ki jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi kamar rabin awa, ki murje ki tace, ki ɗan goga ɗanyar citta, sukari kuma iya wanda zai hana tsamin kashe haƙori. Wannan ruwan yana tafiya da awara, soyayyen kifi, waina, funkaso, da ɗan waken da aka kwarara wa man gyaɗa. Ɗan wake musamman: mutum kan ginsa tun kwano na rabi, amma da ruwan tsamiya a hannu sai ya ga ƙasansa. In babu tsamiya, lemon tsami ya wadatar.

Nama kuwa ɓauri yake so. Jar giya tana samun ɓaurinta daga ɓawon inabi da ƙwayarsa, kuma shi ya sa a yankin Bodo na Faransa suke shan ta da naman rago ko na sa. Abin da ke faruwa shi ne sinadarin ɓaurin yana manne wa santsin yawu, baki ya bushe. In akwai nama da kitse a bakin, sai ya samu abin kamawa, ɓaurin ya lafa, kitsen ma ya daina damu. A cikin abin shanmu zoɓo ne ya fi kusa da wannan aiki, ga tsami ga ɗan ɓauri. Ki kawo shi da balangu, da gasasshiyar kaza, da soyayyen naman layya, amma ya zama mai kauri, mai ƙarancin sukari. Zoɓon da ake lodi daga Jigawa zuwa Meziko, can ma da nama mai maiƙo suke yawan shan sa. Shayi ma ɗan wannan gida ne. Duk wanda ya zauna da Buzaye a Agadez ya ga yadda bayan an ci nama ake ɗora ƙaramar buta a kan gawayi, a dafa koren shayi mai ƙarfi, a zagaya da shi a 'yan ƙananan kofuna har sau uku. Sai dai a kula: shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye, saboda haka mai fama da ƙarancin jini ta bari a yi kamar awa guda bayan cin abinci. Zoɓo kuma yana ɗan saukar da hawan jini, mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tuntuɓi likita kafin su mayar da shi na kullum.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure, wato yaji. An kawo farfesun kayan ciki, attaruhu ya ji, masoro ya ji, sai a ajiye lemon citta a gefe, wai zafi da zafi sun dace. Ba su dace ba. Baƙo zai yi ta sharce gumi yana jan hanci, bai ji daɗin farfesun ba, bai ji na cittar ba. Lemo mai gas ma ƙara tsikarin yake yi. Masu inabi sun daɗe da sanin haka: in abincin Indiya ko na Tailan za su ci, mai ɗan zaƙi marar ƙarfi suke nema, irin Riesling ta Jamus. Dalili kuwa, sinadarin zafin barkono ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Shi ya sa ruwan sanyi ke ba da sauƙin ɗan lokaci, zafin ya dawo, amma nono ya kwantar da shi. To mu Allah ya hore mana kindirmo, kunun gyaɗa da kunun aya, dukkansu da maiƙo da ɗan zaƙi. Kilishi da kunun aya mai sanyi, a ganina, babu haɗin da ya kai shi a duk abin da za a ajiye wa baƙo da rana. Cittar kuma ki ajiye ta don abincin da ba shi da hayaniya, kamar sinasir, dambun shinkafa ko gurasa, inda za ta farkar da baki.

Wata za ta ce, to tsire fa, ga kitse ga yaji, zoɓo ko kunun aya? Ki duba wanda ya fi rinjaye a takardar tsiren. Someliye ba sunan nama yake bi ba, miyar da kayan haɗin yake dubawa. In mai tsiren ya cika hannu da barkono, kunun aya. In ƙuli-ƙuli da kitse ne suka fi, zoɓo.

Kayan zaƙi suna da nasu hukunci. Wanda ya gutsiri alkakin da ya sha zuma sannan ya kurɓi zoɓo zai yamutsa fuska, don zaƙin alkakin ya shafe na zoɓon, tsami kawai ya rage. Faransawa kan warware wannan da abin shan da ya fi kayan zaƙin zaƙi, irin giyar Sauternes. Mutanen Valencia a Sifaniya ma, da suke da nasu kunun aya, da wani dogon burodi mai sukari suke shan sa. Ni ban ba da wannan shawara ga alkaki, nakiya da dublan ba, zaƙin zai yi yawa har ya hau kai. Hanyar Larabawa ta fi: dabino da gahawa marar sukari. Ki dafa shayi da na'a-na'a ko gahawa da ɗan citta, ki hana shi sukari gaba ɗaya, kayan garar su yi aikin.

Fura da nono abinci ce, ba abin kora abinci ba. Kada a jera ta da tuwo. Tuwo miyar kuka da ya ji daddawa da man shanu ba ya buƙatar komai sai ruwan randa.

Duk wannan tsari sukari ne ke rushe shi. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da abin da ya kai ƙaramin cokali 9 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini. Zoɓon biki sau da yawa bai gaza lemon ba. Ban da batun lafiya, zaƙi mai yawa yana danne tsami da ɓaurin da kike nema, sai abin shan ya daina wanke baki, ya koma ƙara masa nauyi. Sanyi ne yake jawo wannan ɓarna, domin yana ɓoye zaƙi da ƙamshi, sai a yi ta ƙara sukari ana cewa bai ji ba. Masu inabi kan sha fara a sanyin digiri 8 zuwa 12, ja kuwa 15 zuwa 18, firiji kuma yakan kai abu wajen digiri 4. Ki fito da zoɓo ya ɗan sha iska kafin a zuba, lokacin hunturu kamar kwata, a zafin Afrilu minti biyar ma ya isa. In dole sai da ƙanƙara, ki daskarar da zoɓon kansa, ta ruwa tana tsinka shi. Kunun aya ne kaɗai ba a yi wa haka, ba ya jure zafi, nan da nan yake juyawa, a bar shi cikin sanyi har lokacin sha.

Ga dabarar da za ta rage miki aiki ranar taro. Ki wanke busasshen zoɓo kofi biyu, a fitar da yashi, ki raba biyu. Kashi ɗaya ki tafasa da ruwa lita biyu, kanumfari uku ko huɗu da citta, minti goma zuwa sha biyar, ki sa sukari kaɗan: na nama ke nan. Ɗaya kashin ki jiƙa a ruwan sanyi ya kwana a firiji, da safe ki tace ki markaɗa abarba ki zuba. Zai fito da laushi, ɓaurinsa kaɗan, ya dace da yara da shinkafa da miya mai ɗan yaji. Kowanne daga ciki kada ya kwana a tukunyar alminiyam, tsami yana cin ta.

Kada kuma ki yarda da baki ɗaya, ko da naki ne. A 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya tara ƙwararrun masu ɗanɗano na Faransa a birnin Paris, aka zuba musu giyar ƙasarsu da ta Kalifoniya ba tare da sun ga kwalabe ba. Da aka haɗa maki, ta Amurka ce ta zo ta ɗaya a fara da ja, a lokacin da Faransawa ke ganin babu mai kama ƙafarsu. Suna da sabo suna ruɗin harshe. A gida ma haka ne: maigida zai rantse ba ya shan zoɓo sai mai zaƙi, don da shi ya saba. Ki zuba kofi uku, ɗaya da sukarin da kika saba, ɗaya da rabinsa, ɗaya da sulusi, ki yi musu alama a ƙasa inda ba a gani. Ki ajiye su da farantin nama, kada ki ce komai, ki bar shi da yara su ci su kurɓa. Kofin da aka fara shanyewa, ki rubuta ma'auninsa a takarda ki manna a bangon kicin, da shi za ki yi aiki ranar Sallah.