Gano Ƙofar Numfashi a Wuya: Darasi ga Malaman Asibitin Karkara

A ce da dare an kawo muku wani mutum a Karkarna, ya faɗo daga babur, fuskarsa ta farfashe, jini da kumburi sun toshe baki da hanci. Asibitin Kazaure da 'yar tafiya, na Kano kuwa ya fi nisa, ga shi ƙwaƙwalwa ba ta jimre rashin iska fiye da minti 4 zuwa 6 ba tare da ta fara lalacewa ba. In an share baki, an turo muƙamuƙi gaba, an hura iska, duk ba ta shiga ba, to, sauran ƙofa ɗaya, tana gaban wuya. Buɗe ta aikin likita ne, ko wanda likita ya horar. Amma ya wajaba kowane ma'aikacin asibiti ya san inda take.

Ku fara da wuyanku. Ku ɗaga haɓa kaɗan, ku ɗora manuni a tsakiyar wuya, ku gangaro har ku ji wani tudu mai tauri da ɗan tsagi a bisansa. Wannan shi ne zakaran wuya, kuma igiyoyin murya suna cikinsa. Ku ci gaba da gangarowa sannu sannu. Yatsa zai faɗa cikin wani ɗan kwari mai taushi, sa'an nan ya ci karo da wani guringuntsi mai kama da zobe. To, kwarin nan da ke tsakanin zakara da zobe shi ne abin nema. Tantani ne kawai a wurin, tsayinsa bai kai rabin inci ba ga baligi, bayansa kuwa hanyar iska ce. Da yake yana ƙarƙashin igiyoyin murya, iska na iya shiga ta nan ko da sama ta toshe.

Ga majinyaci, sai a kama maƙogwaro da babban yatsa da na tsakiya don kada ya zame, a bar manuni ya yi laluben. Lalle a tsaya a tsakiya sosai. Dama da hagu akwai manyan jijiyoyin da ke kai jini ga kai, a ƙasan zobe kuma akwai halittar nan da kan kumbura ta zama maƙoƙo, ita ma jini gare ta da yawa.

A wuyan namiji siriri abin ba wuya. Ga mata ne aka fi ɓata, gama zakaran wuyansu bai fito ba, haka kuma mai ƙiba da mai maƙoƙo. A nan ya fi kyau a faro daga ƙasa: a sa yatsa cikin ramin da ke bisa ƙashin ƙirji, a hau sama, tudun farko mai ƙarfi shi ne zoben, kwarin yana bisansa. Ni dai a ganina, wanda bai taɓa lalube a wuyan mutum goma masu lafiya ba, ba zai gane wurin cikin jini da firgita ba. Saboda haka ku gwada a junanku, ku sa alama da alƙalami, likita ya duba in ya zo rangadi.

Yara ƙanana fa dabam suke. Tantaninsu ƙarami ne ƙwarai, ba a tsaga shi. Wannan ya shafe mu, domin cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ta bazu har Jigawa da Katsina da Yobe a 2023, yara ta fi kamawa. In yaro ya zo da kumburin wuya, numfashinsa yana ƙara, kada a bari a kai shi ga wanzami, gama cire beli ba ya buɗe maƙogwaro, sai ƙarin jini. A zaunar da shi yadda ya fi samun iska, a nemi mota zuwa babban asibiti nan da nan. Ku kuma tuna wa iyaye allurar rigakafi, wadda ake yi wa jariri yana da mako 6, da 10, da 14.