Amsoshin Tambayoyinku: Me Ake Kiran Sigari Mai Batir?

Tambayarmu ta yau ta fito daga wani ɗalibi a Ƙofar Jatau, cikin birnin Zariya. Yana cewa: "Abin nan mai batir da samari ke zuƙa, mene ne sunansa, kuma me za a kira mai zuƙarsa?"

To Malam, mun gode. Sunansa sigarin lantarki. Wani ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro shi a 2003. Batir ke dumama ruwan cikinsa ya zama tururi, kuma galibi ruwan na ɗauke da nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba. Don haka mai zuƙarsa mashayin sigarin lantarki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sigarin lantarki yana cutar da lafiya. Allah Ya kare mana matasanmu.