Darasi: Dasa Itatuwa a Filin da Aka Haƙe

Duk wanda ya zaga cikin birnin Zariya, daga Kwarbai zuwa Ƙofar Gayan, ya san kududdufai. Daga cikinsu kakanni suka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa. Yanzu kuma a bayan gari tifofi ke kwasar marmara da yashi, su bar ramuka. Irin waɗannan filaye suna da araha, shi ya sa ƙungiyoyi ke tambayarmu, "In mun cike rami mun dasa itace, ƙasar za ta farfaɗo?" Itace shi kaɗai ba zai iya ba.

Abincin shuka yana cikin baƙar ƙasar nan ta sama, wadda zurfinta bai cika wuce tsawon tafin hannu ba. In an kwashe ta, saura jar ƙasa mai tauri, ba ruɓaɓɓen ganye, ba tana. Abu biyu ne suka fi ƙaranci: naitirojin, mai sa ganye ya yi kore shar, da fosfaras, mai ƙarfafa saiwa. Ko a gonakinmu ma, masu bincike na Samaru sun daɗe da nuna biyun nan ba su wadata ba, balle a gindin rami.

Mu ɗauki darasi daga ƙasar Jos, inda haƙar kuza ta ɓata filaye masu yawa. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce a riƙa gyara wurin da aka haƙa. Aka baje tuddan ƙasa, aka dasa itacen turare, da fatan wata rana a sake noma wurin. Turare ya tashi, an sami azara da itacen wuta. Amma da aka auna ƙasar bayan shekaru, sai aka tarar ta ƙara tsami, ba ta yi ƙarfin da ake zato ba. Ganyen turare ba ya ruɓewa da wuri, ga shi da shan ruwa. Manoman lambu na wurin kuwa, da suka yi ta zuba toka da taki da sharar gari, su ne suka mai da ƙasar kuza ta ba da tumatir da kabeji.

Saboda haka a fara ciyar da ƙasa tukuna. Tun da rani a haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi. A cika shi da ƙasar sama haɗe da kwando guda na ruɓaɓɓen taki, da ɗan toka, da cikin tafin hannu na takin supa. Sharar birni tana da amfani, amma a tsince leda da tsofaffin batura. Kada a yi dashe sai ruwa ya zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni ko Yuli.

Mu dai mun fi son itatuwan da ke rama wa ƙasa. Bagaruwa tana jure taɓo da kwanciyar ruwa, majema kuma suna sayen 'ya'yanta. Gawo yana kaɗe ganye da damina, amfanin gona ya yi kyau a ƙarƙashinsa, sai dai yana da nawar girma. Turare a bar shi kan iyaka. Tsakanin layuka a shuka wake ko gyaɗa, a bar harawa kaɗan ta ruɓe a wurin. A kuma yi shinge, gama akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin shekara.

Gargaɗi ɗaya: ramin da aka haƙi zinariya dabam ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Kada a shuka abinci a irin wannan wuri sai ma'aikatan lafiya sun gwada ƙasar.