Darasi: Lambun buhu a tsakar gida

A Damargu damina gajera ce. Idan rani ya yi nisa, ɗanyen ganye kan yi wuya a kasuwar Belbeji, yara su koma ga kunun gero zalla, tamowa ta samu ƙofa. Uwar da ba ta da gona tana iya noma ganyen miyarta a gida.

Shuka: A haɗa ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1, a cika buhu, a huda gindinsa. A shuka yakuwa ko alayyahu. Zogala kuwa a dasa shi gefen danga. A kewaye da ƙaya saboda awaki.

Ban ruwa: A tara ƙasari da ruwan alwala, a zuba safe da yamma. Ban da ruwan sabulu.

Ajiya: A wanke ganye, a shanya a inuwa, domin rana na rage bitamin A. A daka, a rufe a gwangwani mai tsabta.

Ciyarwa: Daga wata 6, a zuba ƙaramin cokali na garin zogala da garin ƙuli-ƙuli a kunun yaro. A ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Masu faɗakarwa, ku fara da buhu ɗaya a gidajenku: gani ya kori ji.