Mudu Biyu a Rumfa Ɗaya

Tambaya: Ni Kirista ce, ina sayar da masara da wake a wata kasuwar hatsi, kuma ina cikin Zumuntar Mata. A layinmu kusan kowa mudu biyu gare shi: babba na saye daga hannun manoma, da wanda aka bubbuge wa gindi na sayarwa. Ni ma haka nake yi, don in ban yi ba ko uwar kuɗina ba za ta fita ba, ga yara a makaranta. Amma zakka da baiko ba na fashinsu. Wannan zunubi ne, alhali kowa ya san haka ake yi? Daga wata 'yar'uwa a Jihar Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ciyar da gida da kuɗin makaranta a wannan tsadar ba ƙaramin aiki ba ne, kuma da zuciyarki ta mutu da ba ki rubuto ba. Amma ba zan ɓoye miki ba: i, zunubi ne.

Littafi Mai Tsarki ya ambaci abin nan naki kai tsaye. A Maimaitawar Shari'a, sura 25, aya 13 zuwa 16, an hana Isra'ilawa ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jaka ko a gida. Annabi Amos kuma, makiyayi daga Tekowa wanda ya yi wa'azi a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, ya yi magana a sura 8 a kan 'yan kasuwar da suke kiyaye Asabar, amma duk sun ƙosa ta wuce su buɗe rumfa, su tauye mudu, su haɗa alkama da ƙaiƙayi su sayar wa talaka. Ki lura, mutanen nan ba su fashin ibada. Shi ya sa zakkar da kike bayarwa ba za ta wanke mudun ba. Zakka daga abin da yake naki ake fitar da ita, hatsin da aka rage wa mai saye kuwa nasa ne.

Kin ce kowa ya sani. Dillalai sun sani, 'yan layinku sun sani. Amma tsohuwar da ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo kuɗin mudu ɗaya na wake, ta ce a cika mata da tozo, ita ba ta san an buga gindin kwanon ya shige ciki ba. Sai ta je gida ta ga tukunya ba ta kai ba, ta ɗauka yaran ne suka ƙara ci. Haka manomin da ya kawo buhu a kan babur, kika auna da babban mudu: da shi da ita, duk ba a tambaye su ba.

Riba ba laifi ba ce, ciniki ma haka. Lidiya da aka ambata a Ayyukan Manzanni sura 16 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada, kuma a gidanta ne masu bi na Filibi suka taru. Saboda haka ki mayar da ribarki kan farashi, inda mai saye zai gan ta da idonsa. Mudu ɗaya, na saye shi ne na sayarwa. In wani ya ce wakenki ya fi na maƙwabciya tsada, ki miƙa masa mudun ya juya shi ya duba gindinsa, ko ki ce ya zo da nasa. In masarar bara ce da ƙwari suka fara taɓawa, ki faɗa, ki rage kuɗi, kada ki lulluɓe ta da sabuwa a sama.

Ba zan yi miki alkawarin cewa kuɗi za su zubo ba. Wataƙila cinikinki ya ja baya na ɗan lokaci, wataƙila 'yan layi su riƙa yi miki baƙar magana, su ce kin fi su tsarki. Ana yawan ganin masu saye suna komawa inda ba a cuce su ba, amma ko bai zama haka a wurinki ba, umarnin yana nan. Kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai: ki gaya wa mijinki, ki kai maganar gaban Zumuntar Mata. In ku biyar kuka sauya tare, za ku iya zuwa wurin sarkin kasuwa a kan a daidaita mudu. Maƙwabtanki Musulmi ma addininsu ya yi kakkausan hani a kan tauye mudu, don haka za ki sami masu mara miki baya a cikinsu.

Sauran abin da ya wuce. Wani mutum mai suna Zakka, mai karɓar haraji a Yariko, a Luka sura 19, ya ɗauki alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Ke ba za ki iya gano kowa ba, amma kin san masu zuwa wurinki kowace ranar kasuwa, kin san manoman da kike saye a hannunsu. Ki roƙi gafarar Ubangiji, ki riƙa yi wa waɗannan gyara mai kauri har zuciyarki ta shaida kin biya. Bugaggen mudun kuwa kada ki sayar ko ki ba wata, ki huda shi.