Hawan Dutse: Abin Da Ya Kamata Mutumin Lazaret Ya Sani

Jama'ar Lazaret, mu mutanen fili ne. Daga unguwarmu har bakin kogin Isa babu tudun da zai sa mutum haki, Yamai ɗungurungum kuwa ba ta wuce mita 200 da ƴan kai bisa teku ba. Shi ya sa yawancinmu ba mu san hawa ba sai ran da tafiya ta kai mu gindin dutse, a ranar ne ake gane ƙafar da ta saba da yashi ba ta san gangare ba. Manufar wannan takarda ita ce mutum ya koyi abin tun yana gida.

Wurin koyo bai yi nisa ba. Wanda ya ƙetare gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ya bi ta Harobanda zuwa bayan gari, zai hangi tsaunuka uku masu shimfiɗaɗɗen kai da ake kira Trois Sœurs. Ba su da wani tsawo, har yaro na iya raina su daga nesa, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jikinsu marmara ce da tsakuwa mai gudu ƙarƙashin ƙafa. Mai son hawa ya fita bayan sallar asuba, ya sauko kafin hantsi ya yi zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, hawan rana tsaka ganganci ne. Ya ajiye silifa a gida, ya sa takalmi rufaffe mai igiya, ya riƙi sanda, ya ɗauki ruwa fiye da yadda yake zaton zai sha. Kada ya cusa hannu cikin ramin dutse don neman madafa, can kunama da maciji suke fakewa. Kuma ya sani a sauka aka fi faɗuwa, saboda gwiwa ta riga ta gaji, zuciya kuma ta yi gida. A sauko a karkace, taki gajere, ba da gudu ba. Ba a tafiya mutum ɗaya, ba a fita sai an gaya wa na gida inda aka nufa, kuma a zamanin nan wajibi ne a tambayi hukuma halin tsaron hanya kafin a bar gari.

Manyan duwatsun ƙasarmu suna Abzin, a jihar Agadas. Can ne tudun Bagazam yake, mai ƙololuwar Idukal-n-Tages, mita 2,022, wadda babu wurin da ya kai ta tsawo a duk Nijar. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne akwai ƙauyuka a bisa tudun, da lambunan dankali da tafarnuwa da albasa, kuma tun kaka da kakanni jakuna ke sauko da amfanin gona ta ƴan siraran hanyoyi cikin duwatsu. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 6, don haka wanda ya bar Yamai da ƴar shara a watan Janairu zai kwana yana rawar ɗari. Ba a shiga Abzin sai da jagora ɗan ƙasar, wanda ya san inda ruwa yake. Ciwon kai da jiri da ƙarancin iska ke kawowa yakan fara ne daga wajen mita 2,500, saboda haka wannan damuwar masu zuwa irin su Kilimanjaro ce, mai mita 5,895. Namu abin tsoron ƙishirwa ne da ɓata hanya.

Amma gaskiyar magana, dutsen da mutanen Lazaret suka fi hawa ba a Nijar yake ba. Jabalun Nur ne a Makka, inda kogon Hira yake. Kowace shekara sai ka ga alhaji mai shekara 70, wanda bai taɓa hawa ko bene mai hawa uku ba, ya kama matakala da rana don kada a ce abokan ɗakinsa sun je shi bai je ba. Malamai sun sha faɗa cewa hawan wannan dutse ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra. Wanda bai hau ba, babu abin da ya ragu a ibadarsa. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa ya adana ƙarfinsa don Arfa da jifa. Ƴaƴa su gaya wa iyaye wannan a cikin ladabi tun kafin a hau jirgi.

Akwai kuma hanyar kaiwa ƙololuwa ba tare da gumi ba, wato motar igiya. Wata kakkaurar igiyar ƙarfe ce ake shimfiɗawa bisa dogayen turaku daga gindin dutse zuwa kansa, inji na juya ta a kan manyan gargare biyu, ƙananan ɗakuna masu gilashi na rataye a jikinta ɗauke da mutane. Ba mu da ita a Nijar. Maƙwabtanmu na Aljeriya sun daɗe da ita, har ta zama abin zuwa aiki a babban birninsu. A Najeriya an kafa guda a tsaunin Obudu na jihar Kuros Riba a 2005, mai tsawon wajen kilomita 4. Masu zuwa Umra kuma sukan same ta a Alhada, kusa da Ɗa'ifa. Wanda ya shiga ya zauna inda aka nuna masa, kada ya jijjiga ɗakin don wasa, kada ya taɓa ƙofa, ya riƙe yara. In iska ta yi ƙarfi ma'aikata sukan tsayar da ita, wani lokaci mutane na rataye a sama. A irin wannan hali a zauna shiru a jira umarninsu. Kafin a hau kuma a tambayi ƙarfe nawa ake rufewa, domin wanda motar ƙarshe ta bari a bisa, da ƙafa zai sauko cikin duhu.