Littafin Kyauta da Buɗaɗɗen Littafi: Jagora ga Ɗalibin Jami'a Mazaunin Karu

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, "Ilimi gishirin zaman duniya." To, amma shi wannan gishiri ba a ɗebo shi da hannu banza, sai da littafi. A Karu inda nake zaune, da maƙwabtanta irin su Nyanya da Jikwoyi da Kurudu da Mararaba, akwai ɗimbin ɗalibai waɗanda ke karatu a Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ko kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa wadda aka fi sani da NOUN. Da yawa daga cikinsu ma'aikata ne ko masu sana'a. Kafin mutum ya tashi daga aiki, ya fita daga cunkoson hanyar Nyanya, an riga an rufe laburare. Kuɗin mota da na haya kuwa ba su barin abin sayen littafi. Wannan ya sa aka dogara a kan handawut da fotokwafi.

Manufar wannan maƙala ita ce in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai wata hanya ta halal ta samun littattafan karatu ba tare da biyan ko kwabo ba. Zan bayyana ma'anar buɗaɗɗun kayan karatu, da tarihinsu a taƙaice, da yadda ake gane su, da inda ake samun su, sannan in duba matsayin Hausa a wannan fage.

2.0 Ma'anar Buɗaɗɗun Kayan Karatu

Buɗaɗɗun kayan karatu su ne littattafai ko laccoci ko tambayoyin gwaji ko hotunan bidiyo na koyarwa, waɗanda ko dai wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ko kuma mai su ya ba da izini a rubuce cewa kowa ya yi amfani da su, ya kwafa, ya rarraba, har ma ya yi musu gyara.

A nan ya kamata mu rarrabe abubuwa uku da ɗalibai kan cakuɗa. Na farko shi ne littafin sata, wato wanda wani ya ɗauki hotonsa ya watsa a WhatsApp ba da yardar mawallafi ba. Na biyu shi ne littafin kyauta, wanda mai shi ya yarda a karanta ba da kuɗi ba, amma bai yarda a taɓa shi ko a sake buga shi ba. Na uku shi ne buɗaɗɗen littafi, wanda bayan karantawa an ba ka damar yin aiki da shi. Wani masani ɗan Amurka mai suna David Wiley ya kasa wannan dama gida biyar: ka ajiye kwafinka, ka yi amfani da shi yadda kake so, ka gyara shi, ka haɗa shi da wani, ka kuma rarraba wa jama'a. Ke nan, duk buɗaɗɗen littafi na kyauta ne, amma ba duk na kyauta ne buɗaɗɗe ba.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 2001 ne jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka ta ba da sanarwar za ta zuba kayan koyarwar kwasa-kwasanta a intanet kyauta. A 2002 hukumar UNESCO ta kira taro a Faris, inda aka raɗa wa irin waɗannan kaya sunan da ake kiran su da shi a yau. A ƙarshen wannan shekara kuma ƙungiyar Creative Commons ta fitar da lasisinta na farko. Daga baya, a 2012, Jami'ar Rice ta fara buga cikakkun littattafan jami'a a ƙarƙashin shirin OpenStax, sannan a 2019 ƙasashen da ke cikin UNESCO suka amince da wata shawara da ke kira ga gwamnatoci su tallafa wa wannan aiki.

Idan muka dawo gida kuwa, babban misali shi ne NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai aka farfaɗo da ita zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ta kama aiki a 2002. A 2016, lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zama shugabanta, hedikwatarta ta tashi daga Legas ta dawo Jabi a nan Abuja. Tun da yake ɗalibanta ba su zama a aji kullum, dole ta sa jami'ar ta rubuta wa kowane kwas littafinsa, ta kuma sanya waɗannan littattafai a shafinta yadda kowa zai iya saukewa, ko da ba ɗalibinta ba ne.

4.0 Yadda Ake Karanta Lasisi

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022 aka kuma sa mata hannu a 2023, tana kare aikin marubuci tsawon rayuwarsa da kuma shekara 70 bayan rasuwarsa. Saboda haka, duk littafin da ba a rubuta wani izini a jikinsa ba, to a ɗauka a kulle yake. Ana duba izinin ne a shafin da ke bayan na suna. Idan an ga haruffan CC, sai a lura da alamomin da ke biye:

i. BY: ka yi abin da kake so da littafin, amma ka ambaci sunan mai shi.
ii. SA: idan ka gyara ko ka fassara, dole ka saki naka aikin da irin wannan lasisi.
iii. NC: ba a yarda ka yi kasuwanci da shi ba.
iv. ND: ka kwafa ka rarraba yadda yake, amma ba a yarda ka rarraba wanda ka sauya ba.

Wannan alama ta ƙarshe ta fi shafar mu ɗaliban Hausa, domin kuwa fassara ma sauyi ce. Littafin da ke ɗauke da ND ba za ka fassara shi zuwa Hausa ka watsa ba sai da izini na musamman. Wanda ke ɗauke da BY ko BY-SA kuwa, ƙofa a buɗe take. Ko a cikin littattafan NOUN akwai wannan bambanci: wasu an rubuta musu cewa jami'a ta riƙe dukkan haƙƙoƙinta, wasu kuma suna ɗauke da BY-SA. Dukkansu ana saukewa kyauta, amma na biyun ne kawai buɗaɗɗu.

5.0 Inda Ake Samun Su

Ga ɗalibin Nijeriya, ina ganin ya fi dacewa ya fara da littattafan NOUN, domin malaman jami'o'inmu ne suka rubuta su, da misalan ƙasarmu. An kasa kowane littafi kashi-kashi, kowane kashi da manufarsa da tambayoyin gwada kai, abin da ke taimaka wa mai karatu shi kaɗai. Sai dai ingancinsu bai zama ɗaya ba, wasu kuma sun daɗe ba a sabunta su ba, don haka a duba shekarar bugu.

OpenStax na da littattafan shekarar farko a fannonin nazarin halittu da kimiyyar sinadarai da lissafi da tattalin arziki da nazarin zamantakewa. Masana sun tace su, amma misalansu na Amurka ne. Shafin MIT ya fi amfani ga masu kimiyya da injiniya. Ga masu nazarin harshe, maɗaba'ar Language Science Press da ke Balin tana sakin littattafanta a buɗe, cikinsu har da na harsunan Afirka. Masu neman maƙalu don rubuta kundin digiri sai su leƙa AJOL, matattarar mujallun Afirka, inda wasu mujallun suke kyauta, wasu kuma na biya.

6.0 Ina Hausa Ta Tsaya?

A nan ne gizo ke saƙar. Mafi yawan abin da na lissafa da Ingilishi yake. Abin da ɗalibin Hausa zai samu a buɗe ya kasu gida biyu.

Kashi na farko tsofaffin ayyuka ne da wa'adinsu ya ƙare, irin su Magana Hausa na J. F. Schön na 1885, da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar wanda aka fara bugawa a 1911, da tarin da R. S. Rattray ya buga a 1913. Ana samun irin waɗannan a rumbun Internet Archive. Suna da amfani ga mai nazarin adabin baka da tarihin rubutun boko, amma ƙa'idojin rubutunsu ba na yau ba ne, kuma sau da yawa ra'ayinsu na Turawan mishan ne da na mulkin mallaka. Littattafan da muka fi buƙata kuwa suna nan a kulle. Alal misali, Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan Magana Jari Ce ba zai fita daga kariyar doka ba sai bayan 2051.

Kashi na biyu su ne ayyukan da masana suka saki da kansu. Farfesa Paul Newman ya sanya jerin ayyukan da aka yi a kan Hausa da harsunan Cadi a rumbun Jami'ar Indiyana kyauta, kuma shi ne ya shirya littafin marigayi Farfesa Russell Schuh a kan harsunan Cadi wanda ya fito kyauta a 2017. Su ma dai da Ingilishi suke. Da Hausa kuwa, akwai Wikipedia ta Hausa mai lasisin BY-SA, da labaran yara na shirin African Storybook.

A ganina, wannan giɓi ba wanda zai cike shi sai mu. Kowace shekara ɗalibai na yin aikin fassara don cika sharaɗin kwas, malami ya duba, takardun su ƙare a cikin kwali. Da za a zaɓi babi ɗaya daga buɗaɗɗen littafi mai lasisin BY a raba wa aji, a fassara, a sauya misalan Amurka da na kasuwar Karu ko ta Kurmi, malami ya tace, sashe ya saki, da a cikin 'yan shekaru an tara littafi sukutum. Da yayyafi kogi kan cika.

7.0 Shawarwari

i. Ka fara karɓar tsarin kwas daga malaminka, sannan ka nemi babin da ya dace da shi. Buɗaɗɗen littafi mataimaki ne, ba ya maye gurbin lacca.
ii. Ka sauke daga shafin masu littafin na asali, ka guji shafukan da ke neman kuɗi a kan abin da yake kyauta.
iii. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa sauran ta Xender, don a rage kashe data. A ajiye a waya saboda ranar da babu sabis, a kuma buga babin da ake buƙata kawai a shagon kwamfuta.
iv. Izinin kwafa ba izinin satar fasaha ba ne. Duk abin da ka ɗauko, ka faɗi inda ka samo shi, in ba haka ba hukuncin jami'a na nan.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa tsadar littafi ba ta isa ta hana ɗalibi karatu ba, ba kuma hujja ba ce ta cin haƙƙin marubuta. An ga bambancin da ke tsakanin littafin sata da na kyauta da buɗaɗɗe, an kuma ga cewa 'yan haruffan da ke bayan shafin suna su ne ke faɗa wa mai karatu iyakarsa. Abin da ya rage shi ne mu daina tsayawa a matsayin masu karɓa kawai. Waɗanda suka buɗe littattafansu sun yi nasu da harshensu, saura mu masu nazarin Hausa mu yi da namu, domin kuwa in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya.